Jere a Cikin Mota

Na sayi motar ne ana tsakiyar kullen korona, daga hannun wani mai sayar da kayan lambu da kasuwa ta juya wa baya. Tsohuwar farar bas ce, babu kujerun baya. A filin ajiye motoci na ƙasan benenmu a Taman Melati na kafa mata sansani, na yi ta ƙwanƙwasa: gado, ɗan murhun gas, tankin ruwa, kantoci. Ni da ko ƙusa ban taɓa bugawa ba a Kano, sai ga ni kafinta, kuma ba yabon kai ba, aikin ya yi kyau.

Niyyata ita ce da zarar an buɗe iyaka mu nausa arewa, mu tsallaka zuwa Thailand, mu yi watanni muna bin gaɓar teku. Akwai wani wasa da na koya tun zuwana karatu ƙasar nan: ka tsaya a kan dogon allo bisa ruwa, ka riƙe wani babban ƙyalle mai sanda, iska ta cika shi ta yi ta gudu da kai. Abokaina sun sha yi mini tsiya, wai me ya haɗa Bakano da teku. Ni dai na iya, na kuma san na iya. Sai dai iskar tana da lokacinta a shekara, in ya wuce sai baɗi.

Dalilin da nake faɗa wa mutane ke nan. Na gaskiyar yana sama, a bayan labule. Mahaifiyar matata ta rasu a can gida lokacin da babu jirgin da ke tashi. Ta waya aka faɗa mata, ta waya aka yi mata gaisuwa. Tun daga nan ta daina fita. Aka sassauta doka, kasuwanni suka buɗe, jama'a suka koma shan shayi a shagunan mamak, masu shayin ƙasar nan, ita ko bakin lif ba ta zuwa. In na matsa sai ta ce, "Ka je abinka, lafiyata ƙalau." Ba ƙalau take ba, kuma abin yana cina a rai. Sai na yanke shawara irin tawa: tunda ta ƙi barin ɗaki, zan sa wa ɗakin taya.

Ranar da aka ce an buɗe iyaka, na ɗauki hotunan cikin motar na hau sama ina taƙama. Ta daɗe tana kallo.

"Malam, wannan ai ɗakin gwauro ne," in ji ta. "Wa ya yi jere?"

"Ni mana."

Ta yi dariya, wadda na manta rabon da in ji. "Namiji da jere? To ni ba na tarewa a ɗakin da ba a yi mini jere ba."

Na san don ta kashe maganar ta faɗi haka. Amma ta yi kuskure, ta ba mai taurin kai sharaɗi.

Na kira Hajiya, matar wani malamin jami'a da ke Bukit Jalil, wadda ita ce uwa ga duk matan Hausawan garin nan.

"Jere a mota? Dakta, are you okay kuwa?"

Na faɗa mata komai, ban rage ba. Sai ta ce, "Boleh lah, zai yiwu. Asabar za mu zo. Ka yo mana tapau, wato ƙunshin shinkafa daga shago, kuma kada ka sa mana baki."

Suka zo da takunkuminsu a fuska, da ƙullin kaya kamar masu kai amarya. Da farko suka yi waje da duk abin da na tsara. Allona da ƙyallensa, da na shimfiɗe a ciki cikin gata, Hajiya ta taɓa da ƙafa ta ce, "Wannan ƙyauren fa na mene ne?" Aka kora shi saman mota. Maman 'yan biyu, wata nas 'yar Jos da ke maƙwabtaka da mu, ta cire labulena mai ruwan toka ta rataya mai furanni. Aka jera kwanuka da tangaran a kantocin da na yi don igiyoyi da sifana. Na ce musu kwanar farko duk za su zube.

"Kai da tuƙi, mu da jere," in ji Hajiya. Na ja bakina, ina ta auna yawan robar da zan ɗaure su da ita.

Da suka gama aka kunna turaren wuta, wata ta rangaɗa guɗa har mai gadi ya leƙo. A tsakiyar kantar da ke can sama sai na ga gurbi, ba komai a ciki. Na nuna, a zatona mantuwa ce.

"Wannan wurin uwar amarya ne," in ji Hajiya. "Ba mu da hurumin cika shi."

Suka ɗunguma sama suka bar ni. Na cika baki a gaban kowa cewa matata za ta sauko, amma a tsayen nan na kasa ɗauke ido daga ƙofar lif. Tsoro nake ji, tsoron su dawo su kaɗai.

Lif ya buɗe. Tana tsakiyarsu, lulluɓe da mayafi, rungume da wani ɗan kwanon sha mai murfi, fentinsa duk ya ɓaɓɓalle. Na san shi. Innarta ce ta sa shi da hannunta a jerenmu na farko, kuma shi kaɗai ta ɗauko da za mu zo ƙasar nan. Ta shiga da ƙafar dama, ta ajiye shi a gurbin, ta zauna a bakin gado. Sai kuka.

Babu wadda ta ce ta yi shiru. Suka cusa kansu cikin 'yar motar nan, kafaɗa da kafaɗa, kowacce ta kama hannunta: "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta." Sai a lokacin na gane abin da ta rasa. An yi mata gaisuwa ta waya, amma babu wanda ya zauna da ita. Na koma bayan motar na yi kamar ina duba taya.

Washegari da hantsi na ɗaure allona tamau a sama, na ɗaure tangaran da roba. Na ɗauka baya za ta shige ta ja labule, kuma da hakan ma na gode wa Allah. Sai na tarar da ita a kujerar gaba, ta sauke gilashi, iska tana kaɗa mata mayafi.

"Me kake jira?" ta ce. "Ba ka ce iskar taka ta kusa wucewa ba?"

Na tayar da mota. Mun kusa hawa babban titin arewa ta dafa mini hannu.

"In za ka sha kwana ka bi a hankali, Malam. Kwanon Inna yana baya."