Zakin Taksin Malam Ya Koma Baƙi

Salamu alaikum 'yan uwa, ku gafarce ni, zan ɗan ɗauke muku hankali.

Ranar Talata maigidana Malam ya ciro ɗan tambarin zakin nan na gaban taksinsa, ya ce in wanke masa don ya dusashe. Ni kuwa na haɗa shi da tukwane, na dirje shi da toka da soson ƙarfe. Ashe ƙyallin fenti ne kawai. Zaki ya fito baƙi ƙirin, roba zalla.

Ko abincin rana na kasa ci. Da ya dawo na miƙa masa a faranti, na ce, "Malam, na yi ɓarna."

Ya jujjuya shi, ya ce, "Maman Saude, ke dai ko zaki sai ya faɗi gaskiya a hannunki." Ya maƙala abinsa ya fita.

Yau ga zakuna huɗu a kwanona. Direbobin unguwar Gounghin ne suka ga baƙin zakinsa ya burge su, suka aiko, wai a yi musu "irin na madam". Malam ya ce musu sana'ar gidanmu ce, gado na yi.

Gobe za su zo karɓa. In dirje in yi shiru, ko in tona Malam? Don Allah ku ba ni amsa da wuri, na riga na jiƙa tokar.