Na Ari Muryarka, Kaka Kanal

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, shida ga watan Sha'aban, ina bakin gulbi a Argungu ina gyaran homar kamun kifi, sai ga Saje Irimiya, direbanka, ya tsayar da mota bai kashe ta ba. Ya ce Allah ya yi maka rasuwa, kai Kanal Kalilu Labbo, a Sakkwato bayan jinyar kwana tara. Na ruga gida na faɗa, uwata ta jefe ni da ludayi, ta ce ba a wasa da mutuwa. Ban ga laifinta ba. Duk unguwa an san ni da tsokana, wa zai karɓi irin wannan labari daga bakina?

Kai ƙanen kakana ne, saboda haka jikanka nake, kuma kowa ya san hakkin jika. Ranar sadakar bakwai shi ke sa tufafin mamaci, ya kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, har masu kuka su yi dariya. Tun ranar uku matarka, Hajiya Asiya, ta aiko mini da rigarka da hula da sanda. Na ajiye su, na kasa ko warware rigar. Ni da na shekara goma ina kwaikwayonka kana raye, na buɗe baki muryar ta ƙi fita.

Ka tuna yadda abin ya fara? A gidanka na Birnin Kebbi ne, farkon zamanka babba a gwamnatin soja. Na laɓe bayan katanga, na yi gyaran muryar nan taka sau biyu, na umarci mai dafa maka abinci da muryarka ya kai gasassun zabi zaure, baƙi na jira. Baƙin kuwa ni ne da abokaina. Muna tsakiyar ci ka shigo. Kowa ya watse, ni ƙashin zabo na hannuna. Na sallama bayana ga bulala. Sai ka zauna a kan tabarma, ka ce in sake yi ka gani. Na yi, har da ɗingishi. Sai ka ce, "Ja'iri, ƙahwar hagu ta, ba ta dama ba. In za ka satar mutum, sace shi daidai." Sai daga baya Irimiya ya gaya mini a yaƙin basasa ka samo ɗingishin, ranar da ka goyo shi a baya daga inda aka harbe shi. Kai ba ka taɓa faɗa ba.

Wasu za su lissafa muƙamanka, ni ban san sunayensu na Turanci ba, karatuna na allo ne. Abin da na sani shi ne shekarar da ruwa ya cinye shinkafar Zauro. Ka zo a kwalekwale, takalma a rataye a wuya. Aka tara manoma ƙarƙashin tsamiya, ka tambayi damuwarsu, kowa ya ce lafiya lau, ranka ya daɗe. Mutum ya rasa noman shekara, amma ya ga kaki da bindiga, me zai ce? Sai ka hango ni can baya, ka cire hularka ka kifa mini, ka ce in nuna musu yadda Kanal ke faɗa. Na hura kumatu, na ja ƙafa, na daka wa wata akuya tsawa ta ƙame. Sojojinka suka cije leɓe. Kai ka fara fashewa da dariya, jama'a suka biyo ka. Dariyar ba ta gama lafawa ba wani tsoho, Malam Tamba, ya miƙe ya ce inda ake shirin yin shingen ruwa gonakin manya kaɗai zai kare, ya turo ambaliya kan na talakawa. Ka sa shi gaba, kuka shiga taɓo har gwiwa ya nuna maka hanyar ruwa. Inda ya caka sandarsa nan aka yi shingen, yana nan har yau.

Daga nan in za ka rangadi sai ka aiko a ɗauko ni. Wasu manyan sun ce kana zubar da girman kaki. Ka ce ka fi son a yi maka dariya a gabanka da a yi maka ƙarya.

Jiya aka yi bakwai. 'Ya'yanka sun so a bar wasan jika, suna ganin bai dace da mutum irinka ba, ni kuma na ji daɗi a raina. Amma Hajiya Asiya ta sa aka kira ni ƙofar ɗakin da take takaba. Ita da nake kira amaryata, in ce ta rabu da tsoho ta auri yaro, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Riskuwa, ba dariya nika so ba. So nike in ƙara jin shi ya shigo gidanga, ko sau guda."

Na sa rigar, tana jan ƙasa, ƙamshin turarenka na jikinta. Na tsaya a zaure na daɗe. Sa'an nan na doka sandar, na yi gyaran murya sau biyu, na yi sallama. Matan tsakar gida suka fara dariya. Daga cikin ɗaki kuwa sai muka ji Hajiya ta amsa, "Maraba, Alhaji, ga ruwa nan tahe," har da motsin kwano. Ta kai bakin labule kafin ta tuna ba kai ba ne.

Ban ƙarasa wasan ba, Kaka. Na tuɓe rigar na ninke, kuma na yi alkawari muryar nan ba za ta sake fita daga bakina ba. Aro ce, na maido. Zabin da na ci da duk tsokanar da na yi maka, ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa ƙafar da ta sha wuya ta taka Aljanna lafiya. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka, da Saje Irimiya, da manoman Zauro. Ke kuma Hajiya, Allah ya ba ki haƙurin da ya fi namu.