Almakashin Tani da Kaskon Mai

A unguwarsu a Gure kowa ya san abu biyu game da Tani mai ɗinki: hannunta ba ya karkacewa, kuma ba a taɓa mata almakashi. Shekara talatin tana yanka yadi da shi. Ranar da mijinta Ibram ya ɗauka ya gyara gemu, kwana uku ya yi yana cin tuwo babu man shanu. Asalin sunanta Balkisa, amma da yake ran Litinin aka haife ta, Tani ya bi ta, har ita kanta takan yi jim in an tambaye ta sunan yanka.

To, sai ga waya daga Bune: autarta Jannat ta sauka lafiya, an sami mace. Haihuwar ta zo da wuri, ba a samu an kawo ta gida ba. Tani ta yi guɗa har kaji suka watse. Kwana biyar keken ɗinki bai huta ba, ta ɗinka 'yan riguna goma sha biyu, ta ce ko da rarrafe sai ta kwana a Bune daren suna.

Abin da zai kai su kuwa tsohuwar motar Ibram ce, kat-kat, wadda ta fi Jannat shekaru. Ana gobe suna da safe, Tani ta fito da kaya a ka, sai ta tarar da baƙin mai ya yi tafki a ƙarƙashin motar, Ibram na tsugune ya rafka tagumi.

"Malam, mene ne kuma?"

"Juwan ne ya mutu," in ji shi. "Abin nan da ke toshe tsakanin kaskon mai da moter, wato injin. In muka kama hanya haka, a cikin rairayi za mu kwana."

Bakaniken unguwa ya tafi Damagaram, motocin kasuwa kuma sun wuce tun asuba. Ibram dai tsohon direba ne, ba ya jin tsoron ƙarfe. Ya tona rami a tsakar gida, ya turo motar bisa, ya shige, ya tsiyaye man a roba, ya kwance kaskon. Yana da takardar juwan mai kauri da ya ajiye, falle biyu kacal. Ya ɗauko wuƙa ya hau aiki da ƙarfin tsiya. Kai, Ibram da gaggawa! Kafin a ce me, ya yaga ta farko gida biyu.

Ya miƙa hannu zai ɗauki ta ƙarshe, Tani ta dafe ta.

"Tsaya, Malam. Wannan ba yanka ba ne, ɓarna ce."

"Ke me kika sani a mota?"

"Ban san mota ba. Amma na san wuyan riga, kuma wannan wuyan riga ne mai huji ashirin."

Ta shiga ɗaki ta fito da almakashin. Ibram ya buɗe baki ya kasa rufewa. Maƙwabciyarsu Ya Kaka, da ke leƙe ta katanga tun ɗazu, ta yi salati, ta ce yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba.

Tani ta sa aka kankare bakin kaskon tas, ta shimfiɗa tabarma don kada rairayi ya shiga. Ta lakato baƙin mai da yatsa, ta shafa siriri a gefen kaskon, ta kife shi bisa takardar, ta ce Ibram ya danna. Da aka ɗaga, ga zane ya fito raɗau, har da gurbin kowane noti. Ta san babu ta uku, kuma ta san bakin almakashin ba zai sake zama kamar da ba. Ta yi bisimilla ta fara. Takardar na ƙara ƙaras-ƙaras, ita kuwa tana bin layi a hankali, ba ta ko ɗaga kai. Hujojin kuma da abin huda maɓalli ta fitar da su, ɗaya bayan ɗaya.

Ibram ya ɗora a kan kaskon. Juwan ya zauna daram, ko huji ɗaya bai kauce ba.

"Allahu akbar! Tani, wallahi ya fi na kanti!"

Ya koma rami yana ɗaure noti, tana tsugune tana ba shi umarni: ya kama nan, ya tsallaka can, kada ya matse gefe guda ya tattare. Ya ce ai ya sani. Ta ce wuƙar ma ai ya sani. Aka mayar da mai, ta shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashi, ya tayar da mota. Su uku suka zuba wa ƙyallen ido, motar na kaɗawa. Minti goma, ashirin, ko ɗigo babu! Ya Kaka ta saki guɗa, Tani ta taya ta, Ibram ya danna oda kamar mai kai amarya.

Kafin magariba suna Bune. Washegari da safe Tani na ɗaki da jaririya a cinya, baƙin mai bai gama fita daga farcenta ba, sai aka shigo daga wajen maza da sunan. Balkisa.

Ta ɗaga kai ta ce, "Na'am?" Sai ta ga Jannat na murmushi tana nuna mata cinyarta. Murna ta cika ta har hawaye suka zubo. Ta jawo ɗaya daga cikin rigunan nan goma sha biyu ta sa wa takwararta, wuyan ya zauna daidai.