Shamuwar Ɗanjuma da Sarkin Gwangwani

Shekara bakwai ke nan da muka kai Ɗanjuma makwancinsa a bayan garinmu, tsakanin Kura da Bunkure. Ni karatuna bai wuce aji uku ba, ukun ma da bulala aka kai ni, don haka wanda ya ga karkata a rubutun nan ya yi wa tsoho haƙuri.

Aminina ne tun muna yawo ba wando. Ni duk mai fiffike ɓarawon shinkafa ne a wurina, shi kuwa baƙo yake ce masa. Sai ya ajiye fartanya ya saki baki yana kallon sama. Ya san tsuntsun da ke zuwa da sanyi, ya san mai zuwa gab da damina, har da wanda ruwa kawai zai sha ya wuce. Mu kuwa dariya muke yi, muna cewa Ɗanjuma ya samu aikin da ba gumi.

A ƙofar gidansa akwai tsamiya, gonata na gefenta. A kan tsamiyar nan shamuwa ke sheƙa duk shekara. Ruwan kanal ya sa muna noma rani da damina, amma shi ba ya taɓa irin damina sai ya ga sun sauka.

Wata shekara jan-baki suka addabi shinkafata ta rani. Na ja igiya da gwangwanaye, na rasa inda zan ɗaure bakinta sai a reshen tsamiyar. Kwana uku ina kaɗawa. Jan-baki ko gezau, har ƙiba suka yi. Shamuwa kuwa suka tattara suka bar gari. Na zaci zai yi faɗa. Sai ga shi da ƙwaryar fura, ya miƙo mini ya ce, "Sannu da aiki, Sarkin Gwangwani. Ka kori baƙi, ka bar ɓarayi." Sunan ya bi ni har yau. Sai da damina biyu ta wuce kafin su dawo, duk tsawon lokacin kuwa ban iya kallon idonsa sosai ba.

Kwanaki 'yata da ke aure a Kano ta nuna mini a waya yadda manyan mutane a birane ke sammako zuwa lambun shaƙatawa, da madubin hangen nesa a wuya, don kawai su kalli tsuntsu. Da Ɗanjuma ya gani, da ya gyara hula ya tambaye mu wa ya kamata a yi wa dariya.

To, bana sai ga Sani, babban ɗansa, ya durƙusa ya gaishe ni. Wai zai sare tsamiyar ya yi daɓen shanya, tunda shamuwar ma ba ta zo ba. Na roƙe shi ya jira ruwan fari. In ba su sauka ba, ni zan wasa masa gatari. Ya ce, "Baba, kai fa ka taɓa korarsu." Na ce shi ya sa.

Na kai tabarma gindinta na tare. Mai babur ya zo zai danna oda in ɗaga masa sanda, mai injin ban ruwa in ce ya matsa gaba. Jama'a suka yi ta tsayawa kallon Sarkin Gwangwani yana roƙon a yi shiru. Hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Ranar wata Alhamis da hantsi na ji fuka-fuki. Guda huɗu. Kafin in gama hamdala, ɗaya ta sakar mini kashi a kan hula. Sani ya yi dariya har da hawaye, ya je ya auna daɓensa a bayan gida.

Ɗanjuma bai bar bene ba, bai bar mota ba. Ya bar tsamiya, ya bar ni da ciwon wuya saboda kallon sama. Allah ya jiƙansa. Hular kuwa, sai da na zaga gari da ita kafin in bari a wanke.