Ba zan ba da akwatin askin Yaya Habu ba

Shekara takwas ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa, a wata maƙabarta da ke gabashin Landan, ana yayyafi. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni direban bas ne, kuma a gidanmu ba mu saba baza baƙin cikinmu a faifai ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wata gardama da ta shiga tsakanina da ɗansa Mubarak, a kan abin da wani zai ce bai kai a ɓata yawu ba: gidan reza, ɗan ƙarfen nan mai mariƙi da ake ɗaura wa reza mai baki biyu a yi aski. Na ce ba zan janye ba, kuma ina so in faɗi dalilina inda kowa zai ji.

Mahaifinmu wanzami ne a Kano, haka ma kakanmu. Wannan maganar da kuka karanta yanzu, na yi shekara ashirin da ɗoriya a garin nan ban furta ta ba. In an tsaya gaisawa bayan sallar Juma'a a masallacin Regent's Park, likitoci da masu karatun digiri suna tambayar juna asali, sai in ce mahaifina ma'aikacin lafiya ne, in yi maza in sauya zance. Yaya Habu kuwa, wanda ya girme ni da shekara tara kuma shi ya yi mini hanyar zuwa ƙasar nan, in an tambaye shi sai ya ce, "Wanzami ne ni, ɗan wanzami," da murya irin wadda wani zai ce shi ɗan gidan sarauta ne. Ni kuma sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aikinsa na albashi tura marasa lafiya ne a kan gado a wani asibiti, daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin hoto. Amma bai taɓa yarda wannan ne sunansa ba.

Da ya zo Landan ya tarar mutane suna tsoron aska tsirara, sai ya koma wa gidan reza. Ran Lahadi da hantsi zai tafi kasuwar gwanjo, inda Turawa ke buɗe bayan mota su baza kayan kakanninsu da suka mutu. A can yake tsinto tsofaffin gidajen reza na tagulla, wasu sun girme shi, duk sun yi kore don datti. Ya kawo su gidansa a unguwar Barking, ya dafa su a wata tukunya da matarsa Hajiya Binta ta sallama masa bayan dogon faɗa, ya bi haƙoransu da tsohon buroshi, ya miƙe wanda ya lanƙwashe. Akwai wani da ya fi so, wanda in ka murɗa gindinsa sai bakinsa ya buɗe gida biyu kamar ƙofar shago. Farin da aka shafa masa ya goge a daidai inda babban yatsa ke zama, jan tagullar ya fito. Duk yana ajiye su a wani akwatin gwangwani na biskit, tare da buroshin sabulu da ɗan dutsen alif na tsayar da jini.

Ran Asabar kuma sai ya saɓi akwatin ya shiga tube, jirgin nan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Yana da tsofaffinsa: dattawan da ƙafa ta daina kai su shagon aski, waɗanda 'ya'yansu ke aiki ba dare ba rana. Ya yi musu aski tal, ya gyara saje da ƙeya, ya rage gashin baki, ya sha shayi, ya kwaso labari. Ba ya karɓar komai. Na sha ce masa, "Yaya, kana zubar mana da girma. Kowa na ƙoƙarin ya ci gaba, kai kana yawo da gwangwani." Sai ya dube ni ya ce, "Ɗanlami, girman da gwangwani zai zubar, dama bai zauna ba."

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannunsa na dama ya mutu, harshensa ya yi nauyi. Bayan wata huɗu a asibiti aka ga Hajiya Binta ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba, council, wato ƙaramar hukuma, ta samo masa gurbi a wani gidan kula da tsofaffi. Gidan yana da tsafta, ma'aikatan ma ba su da laifi. Amma suna da doka: ba a shiga da reza ɗakin kowa. Injin aski na lantarki suke bi da shi ɗaki ɗaki.

Ranar da ma'aikaciya ta nufo shi da injin, ya kawar da kai ya tura ta da hannun da ke motsi. Aka rubuta a takarda cewa yana da gardama. Mako uku ya yi haka, suma ta taru, furfura ta cinye masa kumatu da wuya. Mutumin da ban taɓa gani da gashi ko ɗaya a hargitse ba, ga shi kamar wanda aka tsinto a tasha. Ya ce kada a bar kowa ya shigo duba shi. Abokansa suka zo daga Lewisham da kwanon tuwo, aka mayar da su daga bakin ƙofa. Abinci ma ya fara turewa. Na zauna kusa da shi na ce, "Yaya, mene ne a ciki? Aski ai aski ne." Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito: "Ba tunkiya ba ce ni. Je ka ɗauko akwatina."

Na nemi ganin shugabar gidan. Ta ce doka ce, don kare lafiyar mazauna. Na ce na ji, amma ga mutum yana ramewa a gabanki, wace lafiyar ake karewa? Ta ce ma'aikatanta ba su da horon riƙe reza. Abin da ya fito daga bakina a nan, ni kaina ban shirya shi ba. Na ce, "Ni zan yi masa. Mu wanzamai ne, gadonmu ne tun kaka da kakanni." Sai da na tsaya na yi mata bayanin mene ne wanzami, ni da na ɓoye kalmar ga Hausawa 'yan'uwana, ga ni ina fassara ta ga Baturiya a ofis. Sau uku ina komawa. A ƙarshe ta yarda, bisa sharaɗin in sa hannu a takarda, akwatin kuma ya riƙa kwana a kulle a ofishinta.

Ƙarya na yi mata rabi, don ban taɓa yi wa kowa aski ba. Yaya Habu ne ya koya mini, yana zaune a keken guragu da tawul a wuya, yana gyara mini kwanciyar hannu da hagunsa. Kada ka danna, bar nauyin ƙarfen ya yi aikin. Ja fatar da yatsa biyu. Bi kwanciyar gashi. Ranar farko na yanke shi a bayan kunne, jini ya gangaro kan tawul. Sai na ji kafaɗarsa tana motsi. Ashe dariya yake yi, karo na farko tun da ya kwanta. Ya ce, "Wanzami ba ya son jarfa, yau ga shi an yi masa." Da na gama ya kalli madubi, ya shafa kansa, ya ce a kira masa mutanen Lewisham, kuma a ce musu kada su zo hannu rabbana. Shekara ɗaya da rabi na yi ina masa aski duk Alhamis, har Allah ya karɓi abinsa.

To, mu dawo yau. Mubarak a nan aka haife shi, aikin kwamfuta yake yi, yaro ne mai hankali, kuma ina alfahari da shi. Yana jin Hausa sarai amma rabin amsarsa da Turanci take fitowa. Bana mahaifiyarsa za ta koma ƙaramin gida, muka taru muna tattara kaya, sai na ga akwatin biskit a cikin kwalin da za a kai shagon sadaka. Na ciro shi. Mubarak ya ce, "Baffa, waɗannan duk sun tsufa, wasu ma ba hygienic ba ne. Na yi ordering ɗin wani sabo, za ka ga bambanci." Ashe aski da gidan reza ya dawo yayi a wurin samarin Landan. Akwai masu ƙera su yanzu da ƙarfen da ba ya tsatsa, inji ne ke fafe su daga curin ƙarfe guda, a saka su a akwati mai laushi kamar agogon ango, da tsadar da in na faɗa wa mutanen gida za su ce na zautu. Da Sallah ya kawo mini irin nasa kyauta.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, don haka na gwada, kusan wata biyu. Kuma ba zan yi wa maƙerinsa ƙarya ba don in ci gardama. Abin yana da kyau. Reza tana zama daram a cikinsa, ba sai ka daidaita ta da ido ba. Mariƙinsa ba ya sulɓi ko hannu da kumfa. Wanda bai iya ba zai fi wuyar yanke kansa da shi. Tsofaffin kuwa ba duka ne na kirki ba. A cikin na Yaya akwai biyu da bakinsu ya karkace, shi kansa ya daina amfani da su. Wanda yake da hali kuma ransa ke so, ya saya, ba haram ba ne.

Amma in ana tambaya ko ya cancanci a zubar da tsohon saboda shi, amsata a'a ce, kuma ba kunya zan faɗa. Rezar da ke yankan gashin iri ɗaya ce a cikinsu duka, 'yar siririyar nan da ake samu a kowane kanti. Na aske ɓarin fuskata da sabon, ɗaya ɓarin da mai buɗe baki na Yaya, na tambayi matata wanne ya fi, ta shafa ta ce in daina ɓata mata lokaci. Ƙarfen da ya yi wa mutum uku ko huɗu aiki har suka mutu suka bar shi, kuma yana nan yana yi, wace shaida ake nema daga gare shi kuma? Da tsohuwar zuma ake magani. Sabon bai yi ko shekara ba tukuna, bari ya ga jikoki sannan mu zauna.

Nakan tambayi kaina me Yaya Habu zai ce da ya ga wannan zamani, da samari ke ɗaukar hoton kayan askinsu suna sawa a waya, suna musu a kan nauyin mariƙi. Na san ba zai zagi abin ba. Zai kwance shi gida uku, ya auna a tafin hannu, ya ce maƙerin nan ya san aikinsa. Zai ma yi murna an dawo daga rakiyar gidajen reza na roban nan da ake yarwa bayan kwana uku. Amma na san tambayar da za ta biyo baya, don ya sha yi mini irinta: ban da kanka, wa ka gyara da shi?

Ita na yi wa Mubarak. Akwai wani dattijo a Lewisham, Alhaji Isa, mutumin Kumasi, cikin waɗanda Yaya ke zuwa wa. Shi kaɗai ya rage a cikinsu, idonsa ya tafi, kuma tun bayan rasuwar ni nake zuwa masa. Na ce Mubarak ya ɗauko nasa mai tsadar ya biyo ni. Sau biyu yana cewa aiki ya riƙe shi, a na uku ya zo. Na yi wa Alhaji ɓarin dama da tsohon, Mubarak ya yi hagu da sabon, gumi na tsattsafo masa, yana ta ba da haƙuri da Turanci. In aski ya zo gaban goshi ya fi zafi, amma Mubarak ya wuce wurin bai yanke shi ba. Da muka gama muka ce Alhaji ya raba gardama. Ya bi kansa da tafin hannu a hankali, gaba da baya, sannan ya ce da Hausarsa ta zango, "Reza ɗin nan, shi da wancan duka ɗaya ne. Ku biyu ɗin ne ba ku kai Habu ba."

A jirgin komawa Mubarak bai sauka daga ra'ayinsa ba, har yanzu yana cewa nasa ya fi, ni ma ban sauka daga nawa ba. Akwatin yana gidana, kuma na gaya masa ba zai shiga hannunsa ba sai ranar da na tabbata zai fita da shi daga gida.

Yaya Habu bai bar gida a Kano ba, bai bar muƙami ba, ba a rubuta sunansa a jikin komai ba. Abin da na sani shi ne dattawa da dama a garin nan sun tarbi baƙinsu da fuska a gyare, sun je Idi ba a sunkuye ba, wasu ma sun koma ga Ubangijinsu tsaf, saboda wani mutum ya ƙi jin kunyar sana'ar ubansa. Ni da na ji kunyar, ga shi na rubuta ta a jarida da hannuna. Wanda ya gan ni ran Juma'a yana iya tambayata asalina.

Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da iyayenmu a gidan rahama.