Sunan Jikata Yana Cikin Teku

Ɗana na fari a jirgin ruwa yake aiki, ɗakin inji. In sun shiga teku waya ba ta samunsa, sai imel na jirgin. Kafin ya tafi ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa a falonmu na Mahuta, ya zaunar da ni ya koya mini. Ni da na yi karatuna a ajin yaƙi da jahilci na coci bayan na yaye autata, ba Turancin jikin manhajar nake karantawa ba. Wurare na haddace: nan a danna a rubuta, can a danna a aika. Da Hausa muke rubuta wa juna.

Yana can matarsa ta haihu, mace. A gidanmu uba ne ke ba da suna, shi kuwa ya ƙi faɗa tun da ciki, wai sai ya ji abin da Allah ya ba shi. Fasto ya sa ranar suna Asabar. Na zauna na rubuta albishir, na danna inda na saba. Wani ɗan akwati ya fito da jan rubutu. Na sake dannawa. Na kashe, na kunna, na goge allon da bakin zanena, duk a banza.

Na kasa zama. In ɗora ruwan wankan mai jego, in dawo falo in danna, in koma ruwa ya ƙone. Washegari na naɗe kwamfutar a bargo, na hau keke napep zuwa wajen wani mai gyara a Unguwar Sanusi.

Ya duba, ya ce, "Mama, ba lalacewa ta yi ba, tsufa ne. Masu imel sun canza makulli, wannan manhajar ba ta san sabon ba. Sabuwar manhajar kuma ba za ta hau wannan kwamfutar ba."

Na ce, "Ni ma ai tsohuwa ce, ɗana, ban daina gaisawa da mutane ba."

"Ke ai ana sabunta ki duk Lahadi, Mama. Wannan kuwa ba ta zuwa coci."

Ya ciro mini adireshin imel na jirgin daga cikinta. Autata, wadda ke aiki a wata masana'anta a Kudenda, ta kawo tata sabuwar kwamfutar. Komai ya canza wuri, har na rasa inda zan sa hannu. Ita ta danna, ni na faɗi abin rubutawa. Sai na ce ai ba a kai albishir hannu biyu, a haɗa da hotuna: jaririya, mai jego, har tulin kayan barka. Muka aika, ta tafi aiki da yamma ta bar mini kwamfutar.

Ba a jima ba amsa ta shigo, dogon Turanci, ba gaisuwa. Ɗana ba ya fara magana ba gaisuwa. Na bi da yatsa, na gane sunan jirgin da wata kalma mai nufin an kasa. Ban faɗa wa mai jego ba. Na share tsakar gida da ke a share, na fita bakin titi, na dawo.

Da autata ta taso ta karanta, ta yi tsaki. "Kai Mama! Inji ne ya dawo mana da saƙonmu. Ya yi nauyi, jirgin ba ya karɓar hoto. Tsohuwar kwamfutar da ma rubutu zalla take aikawa, shi ya sa ba ki taɓa sani ba."

Muka cire hotunan muka sake aikawa. Shiru har Juma'a. Kawun ɗana ya ce in saƙon bai zo ba shi zai sa suna, na ce a dai yi haƙuri, Baba.

Ranar Asabar da safe, mata na tuyar masa, an jera kujeru, saƙon ya shigo. Ya gaishe ni, ya ba da sunan, na kai wa fasto kafin ya buɗe addu'a. A ƙasa ya ƙara da cewa, "Mama, kama da wa take?"

Da baƙi suka watse na ɗora jaririyar a cinya, na ce wa autata ta rubuta: goshin naka ne, kunnen na uwarta, kuka kuwa ba mu san inda ta samo shi ba.