Yatsan Baba a Kan Ikabod

Akwai wata safiya a gidanmu na Kwoi da ba na jin zan taɓa mantawa da ita, ko da yake shekaru sun ja, wataƙila wasu maganganun sun sauya a kaina.

A gidanmu ba a zaɓar wa jariri suna da baki. Babanmu ne yake rufe ido, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ɗora yatsa. Sunan da yatsan ya taɓa shi ne na yaro, kuma ba a buɗewa sau biyu. Haka aka samo nawa, kuma ban taɓa tambayar me yake nufi ba sai da na shiga jami'a na ɗan taɓa Ibraniyanci.

Ranar sunan ɗan yayana na fari, na zo daga Kafanchan da sassafe. Bayan addu'a Baba ya buɗe, yatsa ya sauka a littafin Sama'ila na Fari. Ya miƙo mini yana danne da wurin.

"Mai digiri, karanta mana."

Na leƙa, na ga Ikabod. Na faɗi sunan a hankali, mata suka yi guɗa, wata gwaggo har ta fara gwada shi a baki, wai yana da daɗin kira. Ni kuwa gumi nake yi. Sai matar yayana, da jaririn a cinya, ta dube ni.

"Ƙaramin miji, me ya sa fuskarka ta yi haka? Mene ne ma'anarsa?"

Na fara kame-kame. Na ce, gwargwadon abin da aka koya mana, "kabod" a Ibraniyanci ɗaukaka ce. Sunan gaba ɗaya wasu masana sun ce "babu ɗaukaka" yake nufi, wasu sun ce tambaya ce, "ina ɗaukaka?" Na ƙara da cewa wata mata ce ta raɗa wa ɗanta shi tana bakin mutuwa, ranar da aka kashe mijinta a yaƙi aka ƙwace akwatin alkawarin Allah.



"Ɗana ba zai je makaranta da wannan suna ba," in ji matar yayana.

Baba ya ce, "'Yata, ba ni na zaɓa ba. Littafi kuma ba a buɗewa sau biyu."

Yayana ya sunkuyar da kai. Ba zai iya musa wa mahaifinsa ba, ba zai iya kallon matarsa ba. Ita ce ta matso da jaririn, ta durƙusa ta kalli shafin.

"Baba, kada ku ɗaga. Wannan yatsa naku na noman citta ai ba layi ɗaya ya rufe ba. Ƙaramin miji, duba ƙasan."

Na duba. A gefen farcen Baba, a cikin ayar nan dai, ga sunan Isra'ila. Na karanta shi kowa ya ji.

"Shi kuma fa?" Baba ya tambaya.

Na ce sunan da aka ba Yakubu ne bayan ya kwana yana kokawa, ana fassara shi "ya yi kokawa da Allah," ko da yake a nan ma masana ba su gama yarda da juna ba.

"Bar masana. Ya ci kokawar?"

"Littafi ya ce ya rinjaya, Baba."

Sai ya ɗaga yatsan. "To, sunansa ke nan."

Uwar ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita ma ta sha kokawa kafin ya fito.

Har yau ina mamakin yadda muka daɗe muna kiran juna da kalmomin wani harshe ba mu san abin da muke faɗa ba. Abin da na koya shi ne a tambayi ma'anar suna kafin a yi guɗa, domin yaron ne zai amsa shi har tsufa. Waɗanda suke tsakar gidan a ranar, in na karkata a wani wuri, don Allah ku aiko mini in gyara.